Yadda Bashin Karatu da Sauran Basussuka Ke Fitowa a Rahoton Kiredit a Amurka

A Kantin Kwari ko Kasuwar Kurmi, idan baƙo ya zo neman kaya bashi, ɗan kasuwa tambaya yake yi: ɗan waye, wa ya san shi, ya taɓa cinye kuɗin wani? A Amurka babu mai yi maka wannan tambayar. Mai gidan haya a Bronx, dillalin mota a Houston, bankin da za ka nemi bashin sayen gida, duk takarda guda suke buɗewa, wadda 'yan'uwanmu na can ke kira rahoton kiredit. Ba kai ka rubuta ta ba, ba a shawarce ka ba lokacin da ake rubuta ta, amma ita ke magana da yawunka a inda ba ka nan. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Bambancin dai a can hanjin a rubuce yake, wata bayan wata.

Wannan jagora na ɗalibi ne da ya ci bashin karatu, da uban da ya sa wa ɗansa hannu, da yayan da ƙaninsa ya lallaɓa ya tsaya masa.

Ka fara samo takardar, kuma guda uku ne

Kamfanoni uku ne ke riƙe da littafin: Equifax, Experian da TransUnion. Ba hukumomin gwamnati ba ne, 'yan kasuwa ne da ke tara bayani suna sayarwa. Su ba sa ba da bashi. Bankuna da kamfanonin kati da masu karɓar bashin karatu ne ke tura musu labarinka, galibi sau ɗaya a wata. Kuma ba dole ba ne mai ba da bashi ya tura wa duka ukun, shi ya sa za ka iya ganin abu a takardar Experian ka rasa shi a ta TransUnion. Wanda ya duba ɗaya ya ce ya gama, bai gama ba.

Wurin karɓa kyauta shi ne shafin AnnualCreditReport.com. Dokar da ta kafa wannan haƙƙi ta fito a 2003, gyara ce ga babbar dokar rahoton bashi ta 1970. Da can sau ɗaya ne a shekara, lokacin korona a 2020 aka mayar da shi kowane mako, a 2023 kuma kamfanonin suka ce haka zai ci gaba. Za a nemi cikakken sunanka, ranar haihuwa, adireshi da lambar soshiyal, wato lambar shaida ta Social Security da gwamnatin Amurka ke bayarwa, sannan a yi maka 'yan tambayoyi don a tabbatar kai ne. Duk shafin da ya ce sai ka sa lambar katin banki kafin ya nuna maka rahoton "kyauta", rufe shi. Kuma duba rahotonka da kanka ba ya rage maka maki ko ɗaya, ko da kullum kake dubawa. Wannan tsoron ya hana mutane da yawa leƙawa har sai da ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Kada ka haɗa rahoto da maki. Rahoto shi ne tarihin. Maki lamba ce da ake lissafowa daga tarihin. Wanda aka fi amfani da shi shi ne na FICO, daga 300 zuwa 850, kuma kamfanin ya faɗi yadda yake aunawa: kashi 35 cikin ɗari tarihin biya, 30 yawan abin da ake bin ka, 15 daɗewar tarihin, 10 sababbin basussuka, 10 kuma ire-iren bashin da kake da su. Rahoton kyauta yawanci ba ya zuwa da makin. Ba komai, tunda gyara a rahoton ake yin sa.

Shafin farko, inda sunayenmu ke jawo mana aiki

Bayananka ne a sama: suna, tsofaffin adireshi, ranar haihuwa, wani lokaci da wuraren aiki. Yawancin mutane tsallake shi suke yi, amma Bahaushe bai kamata ya tsallake ba. Muhammad ɗaya ana iya rubuta shi Mohammed a fasfo, Mohamed a lasisin tuƙi, Muhammed a takardar makaranta. Ga Abubakar da Ibrahim da Musa, waɗanda wani sunan yanka ne, wani sunan uba. Idan 'yan gida ɗaya masu suna kusan iri ɗaya suka zauna a adireshi guda, na'ura na iya cakuɗa fayil ɗinsu, bashin wani ya faɗo a naka. Ganin sunanka an rubuta shi iri biyu ko uku ba abin tashin hankali ba ne. Ganin adireshin garin da ba ka taɓa kwana ba, wannan kam sai an bi sawu.

Rahoton ba ya nuna albashinka, ko kuɗin da ke asusunka na banki, ko addininka. Adashen da kuke yi a unguwa, ko ka shekara goma ba ka taɓa fashin zubi ba, ba ya ciki.

Bashin karatu: me ya sa ɗaya ya zama takwas

A nan ne yawancin ɗalibai ke firgita. Mutum ya san bashin karatu ɗaya ake bin sa, biya ɗaya yake yi a wata, sai ya buɗe rahoto ya tarar da layi takwas jere, kowanne da lambarsa da adadinsa. Ba kuskure ba ne. Bashin gwamnatin tarayya, duk shekarar da ka karɓa sabon bashi ne mai zaman kansa, kuma ɗalibin digirin farko kan karɓi iri biyu: wanda gwamnati ke ɗauke maka kuɗin ruwansa muddin kana makaranta, da wanda ruwansa ke fara taruwa tun ranar da aka saki kuɗin. Shekara huɗu, iri biyu, layi takwas ke nan. Kamfanin da ke karɓar biya ne ke haɗe maka su a takardar wata guda, amma a rahoto kowanne tsaye yake da ƙafarsa.

Wannan takobi ne mai kaifi biyu. Idan kana biya a kan lokaci, shaidu takwas ke yabonka kowane wata. Idan ka yi sake, tabo takwas ne zai fito, ba ɗaya ba.

A kowane layi ka duba waɗannan: sunan mai karɓar biya, ranar da aka buɗe bashin, asalin kuɗin da aka ba ka, abin da ya rage yanzu, biyan wata, matsayin bashin, sai jadawalin watanni da ke nuna wanda aka biya da wanda aka makara. Idan ka ga ragowar ta fi asalin kuɗin, kada ka ce an cuce ka tukuna. Kuɗin ruwan da ya taru kana aji ne aka ɗora. Mu da muka san hukuncin riba, wannan lambar ba ta yi mana daɗin gani, kuma ya fi kyau mutum ya san da ita kafin ya sa hannu, ba bayan ya sa rigar yaye ba.

Sunan da za ka gani ba lallai ne ya zama na Ma'aikatar Ilimi tsantsa ba. Gwamnati kan damƙa karɓar biya ga kamfanoni irin su Nelnet, MOHELA, Aidvantage da EdFinancial, kuma bashi na yawo tsakaninsu. Navient ya fita daga hidimar bashin gwamnati a ƙarshen 2021, asusun da ke hannunsa suka koma Aidvantage. FedLoan ma ya fita, aka raba nasa ga wasu. Idan haka ta faru, tsohon layin ya kamata ya nuna an rufe, an mayar wa wani, ragowa sifili, sabon kuma ya ɗauki adadin. Abin da za ka sa wa ido shi ne kada duka biyun su nuna ana bin ka, domin a idon banki bashinka ya ninka ke nan. Hanyar tantancewa mai sauƙi ce: ka shiga StudentAid.gov, inda gwamnati ke jera duk bashin tarayya da ke kanka, ka ajiye shi gefe da rahoton ka gwada layi da layi. Duk bashin karatun da ke rahoto amma ba ya StudentAid.gov, to na banki ne ko kamfani mai zaman kansa, ko kuma ba naka ba ne.

Tun kana makaranta bashin ke fitowa, da alamar an jingine biya. Bayan kammalawa akwai sassaucin wata shida kafin a fara nema. Duk wannan lokacin, da lokacin da ka nemi a ɗage maka biya aka amince, rahoto na nuna kana lafiya lau. Har wanda ke tsarin biya gwargwadon samu, da aka lissafa masa biyan dala sifili saboda ƙarancin albashi, a matsayin mai biya a kan lokaci ake rubuta shi. Wanda ya nemi ɗagi aka ba shi da wanda ya yi shiru ya daina biya, duka ba su fitar da ko kwabo ba, amma takardunsu kamar dare da rana suke.

Wa bashin ke kansa

Bashin da iyaye ke karɓa don karatun 'ya'yansu, wanda ake kira Parent PLUS, a rahoton uba ko uwa kaɗai yake fitowa, ko da an yi alkawari a gida cewa yaron ne zai biya.

Ɗalibin da ya shiga Amurka da bizar karatu ta F-1 ba ya samun bashin gwamnatin tarayya. Na 'yan ƙasa ne da masu katin zama na dindindin da wasu 'yan rukunoni. Saboda haka yawancin yaranmu da ke zuwa daga Kano ko Yamai ko Kumasi sai dai bashin kamfani, kuma galibin kamfanonin sai an kawo mazaunin Amurka ya sa hannu. Kawu, ka san abin da kake sa wa hannu. Wannan ba shaidar hali ba ce irin ta gida, wadda za ka ce "na san shi, yaron kirki ne" ka tafi. Bashin gaba ɗayansa zai fito a rahotonka kamar kai ka ci. Ranar da yaron ya makara, kai ma ka makara. Ranar da ka je neman bashin gida, za a lissafa shi cikin nauyin da ke wuyanka. Idan zumunci ya tilasta, ka nemi a ba ka damar shiga asusun kana ganin biya da idonka, kuma ka tambaya tun farko ko yarjejeniyar ta yarda a cire sunanka bayan an yi biya na wani lokaci ba fashi.

Kwanakin da ya kamata ka haddace

Katin kiredit, bashin mota da bashin karatu na kamfani: idan ka wuce kwana 30 ba ka biya ba, ana iya kai rahotonka. Makarar kwana biyar ko goma, tarar kuɗi kawai take jawowa, ba ta hawa takarda. Daga nan alamar na ƙaruwa, 30, 60, 90, 120, har kamfanin ya rubuta bashin a matsayin asara, wanda a katin kiredit kan faru wajen kwana 180. Rubuta shi asara ba yafewa ba ne. Lissafin cikin gidansu ne, har yanzu ana bin ka, kuma sau da yawa sayar da bashin suke yi ga kamfanin masu bin bashi.

Bashin karatu na gwamnati ya fi haƙuri da farko, ya fi zafi daga baya. Ba a kai rahoton makara sai an kai kwana 90, kuma idan aka kai ɗin, kai tsaye da tabon kwana 90 zai fito, wanda ya fi na 30 muni nesa ba kusa ba. A kwana 270 sai a ayyana ka gaza biya. Daga nan gwamnati na da ikon riƙe rarar harajin da ya kamata a dawo maka da ita, ta kuma yanki har kashi 15 cikin ɗari na albashin da ke zuwa hannunka ba tare da ta je kotu ba. Ƙofar sabon tallafin karatu ta rufe, haka ma bashin gida mai lamunin gwamnati.

Mutane da yawa sun faɗa wannan rami ba da niyya ba. An dakatar da biyan bashin tarayya a Maris 2020, ba a dawo ba sai Oktoba 2023, sannan aka ƙara shekara guda ta sassauci har ƙarshen Satumba 2024, wadda a cikinta ba a kai rahoton wanda ya makara. Sama da shekara huɗu ba tabo, wasu har sun manta da bashin, wasu sun sauya gida da imel, wasu kamfanin da suka sani ma ya bar aikin. A farkon 2025 tabon ya fara fitowa, makin mutane ya rufta. Bashin karatun tarayya ya haura dala tiriliyan 1.6 a kan mutum sama da miliyan 40, don haka ba ƙaramin taro abin ya shafa ba.

Mummunan bayani shekara bakwai yake yi a rahoto, kuma ana ƙirga ta ne daga lokacin da ka fara makarar da ba ka sake farfaɗowa daga ita ba. Wannan ranar ita ce mafi muhimmanci a duk takardar. Sayar da bashin ga wani kamfani ba ya sabunta ta, biyan wani abu daga ciki ma ba ya sabunta ta. Idan ka ga mai bin bashi ya sa sabuwar rana don tsohon bashi ya zama ɗanye, doka ta hana, ka ƙalubalance shi. Sai dai a kula: wa'adin rahoto daban, wa'adin kai ƙara kotu daban. Na biyun kowace jiha da nata, kuma a wasu jihohin biyan ko dala goma a kan tsohon bashi na iya farfaɗo da damar maka ka a kotu. Shi kuwa bashin karatu na tarayya ba shi da wa'adin ƙarewa ko kaɗan. Zai iya ɓacewa daga rahoto bayan shekara bakwai, amma gwamnati na nan tana bin ka.

Shelar karyewar arziki a kotu kan zauna har shekara goma, kuma da wuya ta wanke bashin karatu. Binciken da banki ke yi idan ka nemi bashi yana zama shekara biyu, tasirinsa kaɗan ne. Bashin da ka biya ka gama lafiya kan ci gaba da yi maka shaida har wajen shekara goma. Kada ka yi mamaki idan makinka ya ɗan sauka a watan da ka gama biyan bashin karatu. Tsohon asusu ne ya rufe, kuma yakan dawo.

Bashin asibiti ya samu sauƙi: tun 2022 kamfanonin uku suka daina nuna wanda aka riga aka biya, ba sa saka sabo sai ya shekara, tun 2023 kuma suka cire duk wanda bai kai dala 500 ba.

Idan ka ga kuskure

Ka buga rahoton, ka zagaye layin da biro. Ka tara hujja: takardar banki mai nuna ranar biya, wasiƙar amincewa da ɗage biya, hoton shafinka na StudentAid.gov. Sannan ka shigar da ƙorafi ga kowane kamfanin da kuskuren ya fito a nasa, domin gyaran Equifax ba lallai ya kai Experian ba. Ana iya yi ta intanet, amma a babban al'amari na fi son wasiƙa ta gidan waya mai shaidar karɓa, don ranar da ta isa ta zama a rubuce. Ka faɗi lambar asusun, abin da aka rubuta, abin da yake daidai, da abin da kake so a yi, ba dogon labari. Kwafi za ka tura, asalin takardu su zauna a hannunka.

Doka ta ba su kwana 30 su bincika, wani lokaci 45. Abin da ba a iya tabbatarwa ba dole a goge ko a gyara. Ka tura irin wannan wasiƙa ga kamfanin da ya kai bayanin tun asali, domin idan bai gyara nasa littafin ba, wata mai zuwa zai sake turo kuskuren. In an yi biris da kai, akwai hukumar kare masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi ta CFPB, ga bashin tarayya kuma akwai ofishin sauraron koke na sashen tallafin ɗalibai.

Idan kuwa bashin ba ka san shi ba sam, wani ne ya ci da sunanka, ka kai rahoto a IdentityTheft.gov, ka kuma kulle fayil ɗinka a duka kamfanonin uku. Kullewar kyauta ce tun 2018, bayan kutsen da aka yi wa Equifax a 2017 wanda ya fallasa bayanan mutum kusan miliyan 147. Kana iya buɗewa duk ranar da za ka nemi bashi.

Idan ba kuskure ba ne, kai ne ka makara

Gaskiyar da ke rahoto ba mai goge ta, duk wanda ya ce ka kawo dala ɗari biyar ya wanke maka kiredit, kuɗinka yake so. Doka ma ta hana irin waɗannan kamfanoni karɓar lada kafin su yi aikin. Idan ba ka kai kwana 90 ba, ka kira mai karɓar biyanka yau ka nemi tsarin biya gwargwadon samu ko ɗagi.

Idan an riga an ayyana ka gaza, hanya biyu ce a bashin tarayya, kuma ba iri ɗaya suke bari a takarda ba. Ta farko ita ce farfaɗowa: ku yi yarjejeniya a kan adadin da ya dace da samunka, ka biya sau tara cikin wata goma a jere. Idan ka cika, ana cire alamar gazawar daga rahoto, ko da yake makarar da ta gabace ta na nan sai ta cika shekara bakwai ɗinta. Ta biyu ita ce haɗe basussukan su zama sabo guda. Ta fi sauri, amma tsohuwar alamar gazawa ba ta gogewa. Wanda ke son komawa makaranta da gaggawa zai iya zaɓar ta biyu. Mai shirin sayen gida nan da shekara biyu, a ganina, gara ya daure da ta farko.

Tarihin nan ba ya tsallaka teku. Wanda ya sauka Amurka jiya fayil ɗinsa fanko ne, ko da shi ne amintaccen banki a Kaduna. Najeriya ma tana da nata tsarin a ƙarƙashin dokar 2017, da kamfanoni uku masu lasisin Babban Banki: CRC, FirstCentral da CreditRegistry, kuma kana da haƙƙin rahoto ɗaya kyauta a shekara. Bashin ɗalibai na NELFUND, asusun gwamnatin Najeriya na bashin karatu, da aka fara a 2024 ba shi da kuɗin ruwa, biyansa kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa. Wanda ya dawo gida daga Amurka da bashin karatu a kansa, rahotonsa na can na ci gaba da cika wata bayan wata yana Kano, kuma idan akwai kawun da ya sa masa hannu, a takardar kawun kowace makara za ta fito.